Kaye Ɗaya ne ko Sai Jini Ya Ƙare? Hausar Rumfar Gem daga Madawa zuwa Keita

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, maganar ƙirƙirar kalmomi ta dawo bakin kowa a sassan nazarin harshe. Me za a kira abu kaza a lissafi? Yaya za a faɗi kaza a gaban alƙali ko a ɗakin likita? Tambayoyi ne masu nauyi, kuma ba na raina su. Sai dai ina ganin mun zuba wa teburin kwamiti ido har mun manta cewa akwai wuraren da masu harshen suka riga suka yi wannan aiki da kansu, babu takardar gayyata, babu kuɗin zama. Ɗaya daga cikin waɗannan wurare shi ne rumfar gem, inda samari ke taruwa su buga ƙwallo ko faɗa ko kokowa a fuskar talabijin. Abin da nake son karewa a nan shi ne, ra'ayoyin da waɗannan samari ke faɗi a kan wasannin, da ma'aunin da suke auna su da shi, da kalmomin da suke zaɓa, duk kayan aikin mai nazarin harshe ne, mu kuwa mun bar su suna zuba a ƙasa.

Zan tsaya a yankin da na fi sani, wato gundumomin Madawa da Buza da Keita a jihar Tawa. Wanda ya san garuruwan nan ya san rumfar da nake nufi: shago ne ko rumfar kwano, da talabijin ɗaya ko biyu, da tsohuwar PlayStation da ta shigo ta hanyar Najeriya ko cikin jakar wani ɗan cirani, da benci biyu, da janareta ko farantin hasken rana. Ana biyan ƴan daloli a kan kowane wasa, wanda aka ci shi ke tashi. A karkara, irin su Baban Katami da ƙauyukan da ke kewaye da ita, wayar hannu ce ta fi ɗaukar wannan aiki, yara huɗu ko biyar su haɗa kai a kan waya ɗaya. Kasuwar rumfar ta fi ci bayan kaka da lokacin cirar albasa a fadamun Tarka da Magiya, sa'ad da ɗan kuɗi ya shiga aljihun samari. Wannan kuwa shi ne ainihin lokacin da ƙauyuka suka saba buga gangar kokowa tun kaka da kakanni. Ke nan yaron da ya kalli kaye a fage da la'asar shi ne zai riƙe maneti bayan isha'i, kuma da ido ɗaya yake kallon duka biyun.

Bari mu fara da wasan da ya fi tsokano gardama. Wasannin kamfanin WWE na Amurka, tun daga SmackDown! Here Comes the Pain na 2003 har zuwa jerin WWE 2K na yanzu, suna da masoya ƙwarai. Yara sun san John Cena da Undertaker da Rey Mysterio kamar ƴan unguwarsu. Amma ka saurara da kyau, za ka ji da yawa daga cikin masu bugawa ba su yarda su kira wasan kokowa ba. Wasu su ce catch, yadda Faransawa ke faɗi, wasu su ce resilin, yadda ake faɗi a tsallaken iyaka. In ka matsa wa mutum da tambaya sai ya ce maka, ai wannan ba kokowa ba ce, mutumin da aka kayar ya tashi ya ci gaba?

Wannan amsa ta fi ƙarfin raha. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a garin Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, ƙa'idar da kowane ɗan Nijar ya tashi da ita ɗaya ce: kaye ɗaya ne. A yau jihohi takwas ke kawo ƴan kokowa goma-goma, su tamanin, kuma duk wanda aka kai ƙasa sau ɗaya ya yi sallama da takobin wannan shekara, ko da kuwa shi ne ya ɗauke shi bara. Abin da ke sa mutane su yi tsit a bakin rediyo ke nan duk lokacin da irin su Isaka Isaka na Doso suka shiga fage: shekara guda ta shiri tana iya wargajewa cikin ƙiftawar ido. A wasan WWE kuwa sai a ɗaga ƙato a maka shi da ƙasa sau goma, a buga masa kujera a ka, ya miƙe ya karkaɗe jiki, ba a ci shi ba sai an danne kafaɗunsa alƙali ya ƙirga uku. Ga mai jin Hausar Adar da Gobir, kalmar kokowa tana ɗauke da sharuɗɗa uku a cikinta: ba duka, kaye ɗaya, kuma da gaske ake yi. Wasan na Amurka ya karya duka ukun.

To ga abin da ya shafe mu. Ƙamus zai ba ka kalmar Ingilishi ko ta Faransanci ya ajiye kokowa a gabanta, ya wuce. Kwamitin fassara ma haka zai yi, ya ce an huta da aro. Masu harshen kuwa sun ƙi. Sun gwammace su ari baƙuwar kalma su saka wa baƙon abu, don kada ma'anar tasu kalmar ta yi sako-sako. Mun saba koyar da cewa ana aro ne saboda giɓi a harshe ko saboda burga. A nan babu giɓi, kuma ba na jin burga ce. Aron nan katanga ce aka gina wa kalmar gida. Wanda ya ji yaro ya ce resilin ya yi tsaki, ya ce yaran zamani sun zubar da Hausa, bai fahimci cewa yaron ya fi shi kishin kalmar kokowa ba. Ni dai a wannan gardama ina tare da yaran.

Abin sha'awa, da aka zo wasannin faɗa sai lamarin ya juya. Street Fighter II na 1991, da Mortal Kombat na 1992, da Tekken na 1994, duka an gina su ne a kan zagaye: wanda ya ci biyu cikin uku shi ya yi nasara. Wannan tsari ya yi daidai da dambe, inda ake turmi uku, kuma kai abokin karawa ƙasa ake kira kisa. Saboda haka kalmomin dambe suka shiga rumfa ba tare da wani ya yi musu iso ba. Za ka ji an ce turmin farko nawa ne, ko a ce ya kashe shi a turmi na biyu. Inda abin ya dace, masu harshe sun faɗaɗa ma'anar kalmar gida; inda bai dace ba, sun yi aro. Wace ƙa'ida ce ta ƙirƙirar kalmomi ta fi wannan hankali?

Misalin da ya fi burge ni shi ne na zanen nan da ke saman talabijin, wanda ke raguwa duk lokacin da aka doki ɗan wasa. Masu ƙera wasan da rai ko lafiya suke danganta shi a harsunansu. Da an kawo mana shi aji, na tabbata da ma'aunin rai ko sandar lafiya za mu ce, mu tafa wa kanmu. A rumfa jini ake ce masa. Jinina ya kusa ƙarewa, saura jini kaɗan, ya shanye mini jini. Sau da yawa zanen ma ba ja ba ne, kore ne ko rawaya, amma wannan bai hana ba. Dalilin yana cikin harshen kansa. A Hausa rai ba ya rabuwa kashi-kashi: ko yana nan ko ya fita, kuma fitarsa ba abin wasa da baki ba ne ga Musulmi. Jini kuwa ruwa ne, yana zuba, yana raguwa, yana ƙarewa, ana ƙara shi a asibiti. Duk aikatan da mai wasa ke bukata sun riga sun saba zama kusa da jini, ba su saba zama kusa da rai ba. Yaran ba su karanta ilimin ma'ana ba, amma kunnensu ya zaɓi kalmar da za ta zauna cikin jumla ba tare da ta yi tuntuɓe ba.

Daga nan sai gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin ƴan Tekken da ƴan Mortal Kombat. Ƴan Tekken suna taƙama da cewa nasu faɗan na jiki ne: maɓalli huɗu, kowanne da gaɓarsa, hannun dama, hannun hagu, ƙafar dama, ƙafar hagu. Suna yi wa ɗaya ɓangaren gori da cewa faɗansu na asiri ne, tunda Sub-Zero ƙanƙara yake jefa maka, Raiden ya sako maka tsawa, Scorpion ya fizgo ka da sarƙa daga nesa. Amsar da ƴan Mortal Kombat ke bayarwa ita ce ta fi daɗin ji: wane ɗan kokowa ne ya taɓa shiga fage ba laya ba guru ba kambu? Wato su a wurinsu asiri ba ha'inci ba ne, wani sashe ne na shirin namiji. Ku lura, wasan daga Amurka yake, ɗayan daga Japan, amma shari'ar da ake yi musu da dokar fagen Adar ake yin ta. Haka nan rainin da ake yi wa wanda ya ɗauki Eddy Gordo a Tekken 3 ya dinga latsa maɓallan ƙafa ba lissafi har ya ci. Ɗan danne-danne ake ce masa, kuma cin nasa bai da daraja, daidai da ɗan kokowar da ke gudun kamu yana jiran a yi wa abokin karawarsa gargaɗi. Ana bambanta ci da gwaninta, kamar yadda tsofaffi ke bambanta kaye mai kyau da kayen sa'a.

A gefe guda, duk mai buga waɗannan wasanni ya lura da wani abu. Akwai Honda ɗan kokowar sumo ta Japan, akwai Hwoarang mai taikwando na Koriya, wasan da Abdurrazak Isufu Alfaga ya samo wa Nijar lambar azurfa da shi a Rio a 2016, akwai Eddy mai kafuwera ta Brazil. Da kamfanin Capcom ya tashi saka mutuniyar Afirka a Street Fighter III a 1997, wato Elena ƴar Kenya, sai ya ba ta kafuwerar Brazil. Babu ɗan kokowa, babu ɗan dambe mai zare a hannu. Ba zan yi dogon kuka a kan wannan ba; kamfani inda kuɗi suke yake kallo, mu kuwa yawancin faya-fayan da muke bugawa ba daga hannunsa muka saya ba. Na ambace shi ne don zan dawo kansa ta wata fuska.

Wasan ƙwallo shi ya fi kowanne cin kasuwa, amma gardamarsa ba ta da zurfin ta sauran. Ƴan PES na cewa ƙwallonsu ta fi nauyi, sai ka iya za ka ci. Ƴan FIFA na cewa tasu ta fi kyan gani, kuma ƙungiyoyi da sunayensu na gaskiya suke, ba kamar PES ta da ba, inda rashin lasisi ya sa aka kira Manchester United da Man Red, Chelsea kuma London FC. Kamfanin Konami ya sauya wa PES suna zuwa eFootball a 2021, EA kuma ya rabu da sunan FIFA a 2023 ya koma EA Sports FC. Rumfa ba ta ji wannan sanarwa ba. Har gobe Pes da Fifa ake cewa, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo a bakin iyayenmu mata.

Inda wasan ƙwallo ya zama abin nazari shi ne wajen sharhi. Faifan yana zuwa da muryar mai sharhi, Bafaranshe ko Bature ɗan Ingila. Larabawa sun samu nasu tun FIFA 12, da muryar Isam Shawwali ɗan Tunisiya. A rumfunanmu wannan murya ba ta da mai saurare. Ko an rage ta, ko surutun benci ya binne ta. Sharhin gaskiya daga bakin masu jiran layi yake fitowa, kuma ba sharhi ne irin na Turawa ba, wanda ke ba da labarin abin da ke faruwa. Zuga ce da kirari da zambo da habaici. A fagen kokowa aiki a rabe yake: ɗan kokowa ya yi kirarinsa, makaɗi ya buga masa takensa, mawaƙi irin Sagalo ya wasa shi, kamar yadda Ɗan Anace ya yi wa Shago a dambe. A rumfa babu ganga, saboda haka sai aka raba aikin tsakanin waɗanda ke wurin. Mai jiran layi ya zama maroƙi, ya kambama wanda yake so ya ci, ya yi wa ɗayan zambo da sunan unguwarsu ko sana'ar gidansu. Wanda ya ci ya ajiye maneti ya miƙe ya yi wa kansa kirari. Muna rubuta kundaye muna cewa adabin baka na mutuwa saboda na'ura, alhali ga shi nan ya sauya riga ya zauna a gaban na'urar. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take yi, ba daina ta ake yi ba.

Akwai kuma abin da zai ja hankalin masu nahawu. Mai wasa ba ya cewa mutumina ya doki mutuminka. Cewa yake na buge ka, ka kashe ni, na mutu. Ya shige cikin hoton, wakilin suna ya bi shi. Amma ku sa kunne lokacin da wasa ya ɓaci. Nan take mutum na ɗaya zai ɓace, na uku ya fito: shi ne ba ya gudu, golan nan barci yake, maneti ce ta ƙi. Nasara tawa ce, faɗuwa tasa ce. Wannan hasashe ne da kowane ɗalibi zai iya gwadawa da rikoda da takarda: a ƙirga sau nawa na ke fitowa, sau nawa ya ke fitowa, a gefe kuma a rubuta wa ke gaba a wasan. Haka ma zaɓin ajin aikatau. Akwai tazara mai faɗi tsakanin ya ci ni da ya cinye ni, tsakanin ya kashe mu da ya karkashe mu. Aji na huɗu a rabon Parsons, mai nuna gamawa kakaf, da kuma ninkin aikatau, a rumfa suke kiwo, domin wurin gori ne, gori kuwa ba ya son rabin aiki.

Sai maganar karin harshe, wadda ita ce ta sa na zaɓi wannan yanki. Bernard Caron ya wallafa nazarinsa a kan Hausar Adar a 1991, kafin PlayStation ta farko ta fito kasuwa. Siffofin karin yamma sanannu ne: hwaɗa a maimakon faɗa, tahi a maimakon tafi, munka da sunka a maimakon muka da suka, shina a maimakon yana. To me ke faruwa da waɗannan siffofi in sun haɗu da baƙin kalmomi masu f da p? In aka bi ƙa'idar karin sau da ƙafa, FIFA za ta koma Hihwa ne. Shin akwai mai faɗin haka, ko kuwa karatun boko da Faransanci sun dasa f da p a bakin samari har sun zama sautukan gida? Mutum ɗaya yana iya cewa hwaɗa da Fifa cikin jumla ɗaya, kuma in haka ne, muna gaban tsarin sauti mai hawa biyu, ɗaya na kalmomin gado, ɗaya na baƙi. Haka batun raba cunkoson baƙaƙe da wasali, tunda gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu: sunan na'urar kansa yakan fito pile ko file, Scorpion ya koma Sikofiyon. Wa ke saka wasalin, wa ke barin cunkoson? Ɗan lakkwal da wanda bai shiga ba ɗaya suke? Ɗan Madawa da ke bakin babbar hanya da ɗan Garhanga ɗaya suke?

Ga kuma kokowar da Faransanci da Ingilishi ke yi a cikin bakin yaro ɗaya. Kudancin gundumar Madawa ya jingina da iyakar jihar Sakkwato, kaya da kalmomi kuwa hanya ɗaya suke bi. Saboda haka maneti daga Faransanci take, gem daga Ingilishi. Wani ya ce arbit, wani ya ce rafali. Wani ya ce bi, wani ya ce gol. Taswirar waɗannan kalmomi daga Bangi zuwa Buza zuwa Ibohaman za ta nuna mana inda tasirin kasuwar Najeriya ya tsaya, inda na makaranta da gidan talabijin na Yamai ya fara, da kuma abin da ƴan ciranin Abijan suka ƙaro. A wajen Keita kuma, inda yaron da ke jin Tamajak a gida yake zama benci ɗaya da Bahaushe, rumfa na daga cikin wuraren da Hausa ke aikinta na harshen haɗa jama'a, kuma ya kamata a ji irin Hausar da ke fitowa daga nan.

Na san abin da za a ce mini, kuma wasu daga cikin masu faɗin malamaina ne. Na farko, rumfar gem ba wurin kirki ba ce. Akwai gaskiya a ciki. Ana sa kuɗi a kan wasa, wanda caca ce ko da wane suna aka kira ta. Akwai yaran da ke gudun aji su ɓuya can, akwai masu barin salla ta wuce. Mortal Kombat wasa ne mai zubar da jini da cire kai. A Amurka shi ne ya kai ga zaman majalisar dattawa a 1993, har aka kafa hukumar tantance shekarun masu wasa a 1994, mu kuwa a nan ba mai tambayar yaro shekarunsa in dai ya miƙa kuɗinsa. Uban da ya hana ɗansa zuwa yana da hujja. Amma mai nazarin harshe ba limami ba ne, ba kuma mai unguwa ba. Magabatanmu a wannan fanni sun rubuta Hausar ƴan tasha da ta mahauta da ta ƴan bori, ba don sun yi mubaya'a ga kowa ba. Zuwa rumfa da rikoda ba sa hannu ba ne a kan abin da ake yi a cikinta.

Na biyu, za a ce wannan duk sara ce, yau tana nan gobe ta wuce. Wasu kalmomin lalle haka za su yi. To wannan ai dalili ne na hanzarta rubuta su, ba na ƙyale su ba. Kuma ba a sanin wadda za ta zauna sai an bi sawunta. Ku dubi kalmomin ƙwallo da gidajen rediyon Hausa suka yaɗa. Satar gida ta zauna daram, domin gajera ce kuma tana da hoto a cikinta. Mai tsaron gida ya zauna, ko da yake gola na nan tare da shi. Amma bugun daga kai sai mai tsaron gida, duk da kyanta a bakin mai karanta labarai, ba yaron da zai faɗe ta lokacin da aka kwashe masa ƙafa a gaban raga. Fenariti zai ce da ƙarfi, ya miƙe tsaye. Kalmar da ba ta iya fita cikin numfashi ɗaya lokacin zafi ba za ta rayu a wurin zafi ba. Duk kwamitin da zai ƙirƙiro wa makarantu kalmomi yana bukatar ya san irin wannan, kuma ba a cikin ofis zai koye shi ba.

Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne wanda ba a cika yi ba: rumfa ta maza ce. Duk abin da za a tattaro a can Hausar samari ce, ba ta matasa duka ba. Ƴan mata na buga wasanni a waya cikin gida, kuma ba mamaki kalmominsu su sha bamban. Wannan aiki ne da ƴan'uwanmu ɗalibai mata kaɗai ke da ƙofar shigarsa, kuma in ba su yi ba za a rubuta rabin labari a kira shi duka.

Yanzu in koma kan rashin ɗan kokowa a faifai. A 2016 wani kamfani na Kamaru mai suna Kiro'o Games ya fitar da wasan Aurion, wanda aka gina a kan al'adun Afirka, abin da ya nuna cewa ba sai a Tokyo ake iya wannan sana'a ba. A ce gobe wani matashi a Yamai ko Kano ya tashi ƙera wasan kokowa na gaskiya. Zane da lissafin kwamfuta nasa ne. Amma zai bukaci sunan kowane kamu da kowace taɗiya da kowane irin kaye, da yadda ake faɗinsu a Adar da Gobir da Arewa da Damagaram. Zai bukaci kirari da zuga masu yawa da za a naɗa, don kada murya ɗaya ta yi ta maimaituwa har ta gunduri mai wasa. Waɗannan suna bakin tsofaffin ƴan kokowa da makaɗansu a ƙauyukan Buza da Keita, kuma kowace shekara ana rage su. In ba mu tattara ba, mai ƙera wasan zai ɗauko tsarin WWE ya sa masa walki da laya, yaran rumfa kuwa su kalle shi sau ɗaya su ce masa resilin. Zai kuma ci karo da tambayar da ba injiniya ke amsa ta ba: wasan da kaye ɗaya ke gama shi ba ya bukatar jini a saman talabijin. Abin da ke raguwa a jikin ɗan kokowa kafin ya faɗi ba jini ba ne, wani abu ne tsakanin ƙarfi da numfashi da kafuwar ƙafa. Mene ne sunansa? Tsohon ɗan kokowa ya san shi a jikinsa, kuma wataƙila yana da kalmarsa.

Shawarata ga ƴan'uwa ɗalibai da suka fito daga wannan yanki, ko a Yamai suke karatu ko a Tawa ko a Sakkwato, ita ce su ware mako biyu cikin babban hutu. Wayar da ke aljihu ta isa rikoda. A nemi izinin mai rumfa da na masu wasa tun farko, a bayyana musu abin da za a yi da muryoyinsu, a bar ƙananan yara sai da yardar iyayensu, a kuma sakaya sunaye wajen rubutu. A rubuta magana yadda ta fito: in yaro ya ce munka, kada a gyara masa zuwa muka, in ya ce shina, a bar masa shina, domin wanda ya mayar da ita daidaitacciyar Hausa ya goge abin da aka je nema. A riƙa rubuta wasan da ake bugawa da wanda ke gaba a kowane lokaci, in ba haka ba ƙirgan wakilin suna ba zai yi amfani ba. Malamanmu kuma su karɓi irin wannan a matsayin batun kundin kammala digiri ba tare da an yi wa ɗalibi kallon wanda ya rasa abin yi ba. Kuma a zaɓi rumfar da ke aiki da hasken rana ko wutar gari in da hali, domin ƙarar janareta tana cinye bambancin f da hw a cikin naɗi, shi kuwa yana cikin abubuwan da aka je saurare.